Kwana Goma da Jaka Ɗaya: Yadda Nake Haɗa Kayan Tafiya Ba Tare da Na Rage Sutura Ba

Sana'ata ɗinki. Shekara goma sha bakwai ke nan ina bakin keke a Kano, kuma duk lokacin da hutun makaranta ya gabato ko Umrar azumi ta matso, shagona yakan cika da mata masu shirin tafiya. Kowacce da ledar yadi daga Kantin Kwari, kowacce da magana ɗaya: "Hajiya, kala takwas nake so kafin ranar kaza." Ina ɗinkawa, don da shi nake ci. Amma wadda muka saba nakan ja ta gefe in tambaye ta kwana nawa za ta yi, kuma wa zai ɗaukar mata akwatin idan ta sauka.

Ina tambayar ne saboda abin da ya same ni a Oktoban 2019, tafiyata ta farko zuwa Istanbul tare da ƙanwata. Akwati biyu na ɗauka, kowanne ya kai kilo 23 cif, ga jakar hannu. Leshi biyu, atamfa shida, abaya huɗu, material biyu, kowacce kala da gyalenta, wasu har da takalminsu da jakarsu. Masaukinmu wani tsohon gida ne a unguwar Sultanahmet, ɗakinmu a hawa na uku, matakalar ƙunci gare ta, kuma babu na'urar hawa bene. Kafin ma mu kai ƙofar gidan, duwatsun da aka shimfiɗe titin da su sun cire tayar akwati ɗaya. Na kwana biyu ƙuguna yana ciwo. Cikin kala goma sha huɗun nan, biyar kawai na sa. Ranar dawowa kuma babu wurin tsaraba, sai da na biya kuɗin ƙarin nauyi, kuɗin da zai ishe ni sayen abaya uku masu kyau a can.

Da na koma a 2023, jaka ɗaya na riƙe, irin wadda ake shiga jirgi da ita. Kwana goma na yi, ban fita ko sau ɗaya jikina a buɗe ba, ban kuma sa kaya mai datti ba.

Mata da yawa sun ɗauka wannan sai masu ƙananan kaya, wai mu da muke sa doguwar riga da mayafi dole kayanmu su yi nauyi. Ni da nake auna yadi kullum na san ba haka abin yake ba. Abin da ke cika mana akwati al'adar kwalliyarmu ce ta gida, inda kowace rana da kalarta, kowace kala da 'yan rakiyarta. Sai kuma tsoro, wannan "bari in saka ko za a buƙata" da ba ya ƙarewa. Ita sutura gata ma take mana. Mai sa abaya tana da kaya hawa biyu: na ciki da ke shan gumi, da na waje da ke shan ido. Na cikin ba shi da nauyi, shi ake canzawa kullum. Na wajen shi ne mai nauyi, kuma ana iya maimaita shi kwana uku ba wanda ya sani. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Fara da jakar da sikeli

Kafin ki buɗe wardirof, buɗe tikitinki ki ga abin da aka yarje miki. Kamfanonin jirage ba su zama ɗaya ba. Turkish Airlines kilo 8 suke bari a shiga da shi a kujerun talakawa, jakar kuma kada ta wuce santimita 55 a tsawo, 40 a faɗi, 23 a kauri. Ethiopian kilo 7 ne. Idan tafiyar ta haɗa da jirgi biyu, ki bi dokar wanda ya fi tsanani. Ni kilo 7 nake sa wa kaina ko da an ba ni 8, don sikelin gida da na filin jirgi ba kullum suke shan inuwa ɗaya ba.

Ki auna jakar tun babu komai a ciki. Akwai ƙananan akwatuna masu kyan gani da su kaɗai sun haura kilo uku, kin ga an cinye kusan rabin rabonki tun ba ki sa ko ɗankwali ba. Tawa ta yadi ce mai taya biyu, kilo biyu da ɗan ɗoriya. Na fi son mai taya biyu manya da suka shige jikin jakar a kan mai ƙananan tayoyi huɗu, domin masu huɗun a kan tayil ɗin filin jirgi kawai suke da daɗi. Da sun hau titin duwatsu ko ƙasa sai su fara karkacewa.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan sha'anin ido yana cin amana. Ki sayi ɗan sikelin hannu mai ƙugiya, wanda ake rataya jaka a jikinsa. Ba shi da tsada, kuma ki tafi da shi, don ranar dawowa ya fi amfani.

Yadi shi ne rabin aikin

A nan zan daɗe, don nan ne fagena, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Kowane yadi da za ki yi tafiya da shi, ki yi masa gwaji uku tun a gaban mai shago. Na farko, ki damƙi gefensa a tafin hannunki da ƙarfi, ki ƙirga goma, ki saki. In ya warware ya koma yadda yake, abokin tafiya ne. In ya fito duk layi-layi kamar takardar da aka cukuikuye, ki bar shi a gida sai dai in kin yarda za ki riƙa neman dutsen guga kowace safiya. Na biyu, ki ɗaga shi sama ki dubi hasken rana ta cikinsa, ki sa hannunki a baya. In kina ganin yatsunki, shara-shara ne, zai buƙaci a yi masa shafi ko a sa wata riga a ƙasa, nauyi ya ninku ke nan. Kada ki yi wannan gwajin a cikin rumfa mai duhu. Na sha ganin yadin da ya yi kauri a cikin kasuwa, aka fito rana ya tona asiri. Na uku, in kin kai shi gida ki jiƙa ɗan gefensa ki shanya a ɗaki, ba a rana ba, ki ga awa nawa zai yi kafin ya bushe.

Da wannan gwajin za ki ga leshi ya faɗi tun a zagayen farko. Nauyi gare shi, ga shafi, ga duwatsu. Shadda mai maiƙo tana da kyau a biki, amma ninki ɗaya ya ishe ta yin layin da sai guga mai zafi zai fitar. Lilin yana da sanyi a jiki sai dai ba abin da ya kai shi yamutsewa. Waɗanda suka ci jarrabawa a wurina su ne yadin nida da ake abayar Dubai da shi, da kiref mai matsakaicin kauri, da yadin roba mai laushi da ake kira jesi, muddin an ɗinka shi da yalwa, don in ya matse yana bin jiki ya fitar da sura. Na ciki kuwa auduga marar kauri, ita ce ke shan gumi ba ta wari.

Atamfa fa? Ba zan ce ki bar ta ba, ni ma ba na bari. Turmi guda yadi shida ne, in aka yi riga da zani da ɗankwali duk shidan za ki ɗauka. Ni doguwar riga nake yi da yadi uku da rabi, ba shafi, ba kwalliyar duwatsu, kuma da atamfar da ta riga ta sha wanki sau biyu ko uku ta yi laushi. Sabuwa dal tana da sitati, ba ta naɗuwa da kyau. Guda ɗaya tak nake ɗauka, ta ranar Juma'a ko ranar da aka gayyace mu cin abinci. A wannan rigar na yi sallar Juma'a a Ayasofya a 2023, wurin da a zuwana na farko gidan tarihi ne, sai a 2020 aka mayar da shi masallaci. Wata dattijuwa Baturkiya da ke kusa da ni ta shafa hannun rigar tana murmushi, ba na jin yarenta ba ta jin nawa. Don irin wannan nake ba atamfa gurbinta.

Ga kuma abubuwan da za ki gaya wa telanki, ko da ba ni ba ce. Tsawon rigar ya tsaya daidai idon sawu, kamar yatsu biyu tsakaninta da ƙasa. Rigar da ke jan ƙasa tana kwasar ruwan titi, wanki ya ƙaru, kuma tana iya maƙalewa a matakalar lantarki ta filin jirgi ko ta tashar jirgin ƙasa, abin da ba wasa ba ne. Bakin hannu a sa masa roba ko maɓalli, yadda za ki naɗe shi zuwa gwiwar hannu ki yi alwala ba sai kin tuɓe ba, kuma ba zai zame ba idan kin ɗaga hannu kin kama ƙarfe a cikin mota. A yi miki aljihu biyu masu zurfi a gefe. A rigar ciki kuma a yi wani ɓoyayyen aljihu mai zif daidai ƙugu, wanda fasfo zai shiga. Minti goma ne aikin a wurin tela, amma zai ba ki kwanciyar hankali a cikin cunkoson babbar kasuwa. Abaya mai buɗaɗɗen gaba da maɓallai ta fi rufaffiya amfani, don ana sa ta a rufe, ana kuma sa ta a buɗe a kan doguwar riga ta zama kamar wata shiga daban.

Abin da ke cikin jakata

Launi biyu nake zaɓa su zama tushe, nawa baƙi ne da ruwan ƙasa. Wata za ta fi son ruwan toka da shuɗi mai duhu. Sharaɗin dai shi ne duk abin da zai shiga jakar ya dace da duka biyun. Abin da ba ya tafiya sai da abu ɗaya tak, ba shi da kujera a wannan motar.

Abaya uku ne duka, ɗaya a jikina ranar tafiya, biyu a jaka. Sai rigar atamfar nan. Rigunan ciki na auduga masu dogon hannu uku. Wando mai faɗi biyu, ɗaya a jiki. Mayafi huɗu a jaka, ɗaya a kaina. Hijabi dogo ɗaya marar nauyi. Hular ciki biyu, safa ƙafa uku, kamfai biyar, rigar mama uku, rigar barci ɗaya, zani ɗaya, rigar sanyi ɗaya marar kauri, silifas, da siririyar sallaya irin wadda ake ninkewa ta koma kamar tafin hannu. Da kayan wanka da na shafa, da ita kanta jakar, sikelina yakan tsaya a ƙasa da kilo 7 kaɗan.

Mayafi shi ne inda nake sakin hannu, don guda huɗu ba su kai nauyin abaya ɗaya ba, kuma su ne ido ke fara gani. Ki sa baƙar abaya ɗaya kwana uku da mayafi kala uku, ki duba hotunanki daga baya, za ki rantse kaya uku ne. Amma ki zaɓe su da lura. Shifon mai santsi yana da kyau, sai dai iska ba ta raga masa. A Istanbul, a jirgin ruwan da ke tsallaka mutane daga Eminonu zuwa Uskudar, wato daga ɓangaren Turai zuwa na Asiya, na ga mata suna ta kokawa da gyale hannu bibbiyu, ba su ko kalli teku ba. Ki sa aƙalla biyu su zama na jesi ko auduga, masu zama a ka ba sai da fil ba, kuma manya da za su sauko su rufe ƙirji da baya. Ɗaya kuma ya zama mai ɗan kauri, ya yi miki mayafi da rana, abin lulluɓa a jirgi da dare. Wandon ma saboda iskar nan ne, da kuma hawa da sauka. Duk wadda ta hau tudun da ke kai mutum masallacin Sulaimaniyya, wanda shahararren magini Mimar Sinan ya kammala a 1557, ta san amfanin wando a ƙarƙashin abaya.

Zanin nan guda ɗaya kada ki raina shi. Shi ne na fita wanka, shi ne shimfiɗa in zanin gadon masauki bai kwanta miki ba, shi ne labule in tagar ɗaki ba ta rufu da kyau, shi ne abin zama a bakin ruwa ko a lambu. Tawul kuwa ba na ɗauka, masauki suna bayarwa.

Takalmi ɗaya tak, mai rufi, marar tsini, wanda ƙafarki ta riga ta saba da shi. Kada ki sayi sabo jajibirin tafiya. Ki zaɓi wanda ake zurawa a cire ba ɗaurin igiya, domin a gari irin Istanbul za ki iya shiga masallaci huɗu a wuni ɗaya, daga na Sultan Ahmet har zuwa na Ayyub Sultan inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, kuma kowanne sai kin cire. Ki ajiye 'yar jakar yadi a aljihu ta zuba takalmin.

In ƙasar sanyi za ki, kada ki nemi ƙatuwar riga guda mai nauyi. Sirara uku a jere sun fi ɗumi: matsattsiyar rigar ɗumi da wandonta a can ciki inda ba mai gani, rigar sanyi a kai, abaya, sannan kwat mai tsawo zuwa gwiwa. Kwat ɗin a jikinki zai shiga jirgi ko a hannu, ba a auna shi. In kuma ƙasar zafi ce, kamar Makka da Madina ko Masar da bazara, ki cire rigar sanyin da kwat, ki ƙara rigar ciki ɗaya, ki sa abaya ɗaya ta zama mai haske. Mai niyyar shiga ruwa a bakin teku ta tanadi kayan ninkaya masu rufe jiki, riga mai tsawo da wando da hula na yadin da ba ya riƙe ruwa. Shiga teku da doguwar rigar auduga haɗari ne, tana yin nauyi tana naɗe ƙafa, in an fito kuma ta manne a jiki.

Wanki, wanda shi ne sirrin duka

Ba za ki yi kwana goma da rigar ciki uku ba sai kin yarda da wankin minti goma kowane dare. Mu da muka tashi da wanki da hannu, wannan ba wani abu ba ne. Bayan sallar isha'i, abin da ya taɓa jikinki a ranar ki wanke shi a wurin wanke hannu: rigar ciki, kamfai, safa, hular ciki. Sabulun wanki na sanda nake yankowa rabi, don ba ya cikin dokar ruwa-ruwa kuma ba ya zubewa a jaka. Bayan kin matse, ki shimfiɗa tawul ɗin masauki, ki jera kayan a kai, ki naɗe kamar tabarma, ki hau ki tattaka. Tawul ɗin zai tsotse mafi yawan ruwan. Sai ki shanya a siririyar igiya da kika zo da ita, mita uku ta isa.

Ki tuna ba ko'ina ne Kano ba. A nan da hunturu kafin ki gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe. Garin da ke bakin teku iskarsa da laima, abin da kika wanke da dare yana iya kaiwa la'asar ɗin gobe. Shi ya sa rigunan cikin suke uku: ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a shirye. Abaya kuwa ba kullum ba. Ki rataye ta ta sha iska da zarar kin dawo, ki goge bakin ƙasan da jiƙaƙƙen tsumma, ki wanke ta gaba ɗaya sau ɗaya a tsakiyar tafiya. In ta ɗan yamutse, ki rataye ta a banɗaki lokacin da kike wanka da ruwan zafi, tururin zai sassauta ta. Kwana biyu kafin dawowa ki daina wanke abu mai kauri, don kada ki sa ɗanyen kaya a jaka.

Turare, mai da sauran tarkace

Duk abin da yake ruwa ko mai, in a jakar hannu yake, kwalbarsa kada ta wuce mililita 100, kuma duka su shiga leda ɗaya mai haske mai cin lita ɗaya. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. A gabana aka karɓe wa wata baiwar Allah babbar kwalbar humra da saura kaɗan a gindinta, har da hawayenta, ta ce ta aurenta ce. Ki ɗura humrarki a 'yar ƙaramar kwalba mai murfin murɗawa, ki naɗe bakin da leda. Man kaɗanya a ɗan ƙaramin gwangwani ya ishe ki fuska da jiki da leɓe da tafin ƙafa. Kwalli, hoda, jan baki ɗaya. Lalle ki yi shi a gida kwana biyu kafin tafiya.

Turaren wuta ki bar shi, na san da ciwo. Ɗakunan masauki suna da na'urar jin hayaƙi, kasko ɗaya zai iya tayar da bene guda. Abin da nake yi, daren tafiya nakan turara mayafaina da abayoyin sosai, in naɗe su da ɗuminsu in sa a jaka. Har kwana na biyar in na buɗe jakar ƙamshin ɗakina nake ji.

Audugar mata ki ɗauki ta kwana biyu ko da ba ki sa ran lokacin, sauran a saya a can. Magungunanki su zauna a kwalinsu na asali, da takardar likita in masu ƙarfi ne, domin irin su tramadol da kodin suna jefa matafiyi cikin babbar matsala a Saudiyya da Masar da Dubai. Batirin cajin waya na tafi-da-gidanka a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda ya shiga akwatin da za a aika ƙarƙashin jirgi ba. Soket ɗin Turkiyya da yawancin Turai mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ba irin namu mai ƙafa uku ba, ki sayi mahaɗinsa tun a gida. Almakashi da reza ki bar su, allura da zare baƙi da fil ɗin maƙalawa guda biyar sun isa gyaran gaggawa. Buta ba sai kin ɗauka ba. Banɗakunan Turkiyya da na ƙasashen Larabawa suna da abin tsarki, inda babu kuma robar ruwan sha da kika shanye ta wadatar.

Abinci: ɗan ƙullin yaji ba laifi. Kilishi da dambun nama kuwa ki bincika tukuna, don Ingila da Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi daga ƙasashenmu ya shiga da nama. Mai zuwa Saudiyya kuma ta bar goro a gida.

Sai maganar saƙo, wadda ta fi komai wuya saboda kunya. Da an ji za ki yi tafiya, sai 'yan uwa su fara: "Yaya, ga ɗan saƙo ki kai wa wance, ba shi da nauyi." Jaka ɗaya tana ba ki amsar da ba ta ɓata zumunci: "Wallahi jakar hannu kawai zan riƙe, kilo bakwai aka ba ni." In kuma wanda ba a iya ƙi ne ya ba ki, kamar Inna ko surukarki, ki buɗe shi a gabanta ki ga komai da idonki, ki sake ƙulle shi da hannunki. Ƙullin da ba ki san cikinsa ba kada ya shiga jakarki ko na wane ne. Mutanen kirki sun shiga ɗauri a ƙasar waje saboda saƙon da suka karɓa don kara.

Shiryawa

Naɗewa nake yi, ba ninkewa ba. Ki shimfiɗa abaya, ki mayar da hannayen ciki, ki ninka ta biyu a tsaye, ki naɗe tun daga wuya zuwa ƙasa. Masu nauyi a gindin jaka wajen tayoyi, mayafai a sama, ƙananan kaya a cusa a ramukan da suka rage. Kayan ciki a jakar yadi marar haske, don in an buɗe jakarki a wurin bincike ba sai kowa ya gani ba. Ledar ruwa-ruwa a aljihun waje inda hannu zai kai da sauri. Ranar tafiya ki guji abaya mai duwatsu da ƙarafa da tarin fil a ka, su ne ke sa na'ura ƙara. In an buƙaci a duba ƙarƙashin mayafinki, ki nemi mace ta duba ki a keɓe, ana yi.

In da maigida za ku tafi, shi ma haka. Kaftani uku na yadi marar yamutsewa, wando biyu da suka dace da duka ukun, singileti huɗu. Babbar riga ta yi zamanta a gida. Hulunansa biyu a zura ɗaya cikin ɗaya, a cika cikin da safa don kada su lotse.

A can ƙasan jakata kullum akwai wata jakar yadi mai zif da ke ninkuwa ta zama kamar littafi. Ita ce ta tsaraba. Yawancin tikitin ƙasa da ƙasa daga Najeriya yana da rabon akwatin da ake aikawa ƙarƙashin jirgi, to ni da shi nake dawowa, ba da shi nake tafiya ba. A unguwannin Fatih da Laleli na Istanbul akwai abayoyi da mayafai da kwat-kwat na mata masu rufe jiki iya ganinki, abin da duk kika ji kin rasa za ki same shi a can, wataƙila ma ya fi wanda kika bari a gida. Ki ajiye sayayya sai kwana biyun ƙarshe, don kada ki yi ta jan kaya daga masauki zuwa masauki.

Ranar da kika dawo, kafin ki kai komai wanki, ki zazzage jakar a kan gado ki ware abin da ba ki taɓa ba ko sau ɗaya. Ki rubuta su a takarda, ki sa takardar a aljihun jakar, ki rufe. Tafiya ta gaba ita za ki fara karantawa. A tawa takardar yanzu akwai baƙin siket, ƙaramin dutsen guga, jakar hannu ta biyu, da sarƙa da 'yan kunnen da na ɗauka saboda rigar atamfa, na kuma bar su a ƙulle har na dawo.